Batir ya zuba a bod ɗin tsohuwar kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suke ta maimaita min, wasu a shago wasu ta waya, shine nace bari in zauna in haɗa su waje ɗaya. Duk maganar akan ɗan batirin nan ne dake manne jikin madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke kansa, wanda shekara talatin da suka wuce ba wanda ya damu dashi amma yau ina ganin ba abinda yake kashe injinan PC na 386 da 486 da Amiga da tsofaffin Macintosh kamarsa. Abin yana min ciwo sosai, dan waɗannan injinan an daina ƙera su, kamfanin Commodore mai Amiga ma tun 1994 ya durƙushe, duk wanda ya lalace ya tafi kenan.

Oga na samu tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiya, in jona ta in gani ko tana tashi?

Dan Allah kar ka jona. Na san zumuɗin da ake ji, amma fara buɗe ta tukuna ka nemo batirin ka cire shi, yau ɗin nan ba gobe ba, ko da kuwa idonka bai ga alamar komai ba. In manne yake da dalma kuma baka da ayan a kusa, wato ƙarfen narka dalma, ɗauki ƙaramar kota ka datse ƙafafunsa, guntun ƙafar da ya rage a cire shi daga baya. Abu ɗaya kawai, kar ka riƙa lanƙwasa shi gaba da baya wai ya karye da kansa, zai iya taso da jan ƙarfen bod ɗin ya ƙara maka aiki.

Dalilin da yasa nace kar a jona, in ruwan batirin ya riga ya bi layuka to yana iya haɗa inda bai kamata ya haɗu ba, ka kunna ka ƙona IC ɗin da da lafiyarsa ƙalau, wato baƙaƙen nan masu jerin ƙafafu dake kan bod. Kuma in Macintosh ce irin mai sikirin a jiki kamar SE/30 ko Classic, ka kiyayi wajen kwalbar sikirin ɗin, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare fulogi.

Wai aikin me batirin yake yi a ciki tun farko?

Agogo yake riƙewa da 'yan saituna. A PC shi ke ciyar da ɗan ma'ajin da ake cewa CMOS, inda aka rubuta kwanan wata da irin fulofi da lissafin hadis, wato hard disk. A Mac sunan wajen PRAM. A Amiga kuwa galibi agogo ne kawai. Wato dai ka cire shi baka yi asarar komai ba sai lokaci da saitin da zaka iya sake shigarwa da hannu.

Ta ya zan gane wane iri ne a tawa?

Wannan tambayar tafi duk sauran muhimmanci dan maganin kowanne daban ne.

Na farko shine ɗan ganga, yawanci shuɗi ko kore, kwance jikin bod an like ƙafafunsa da dalma, sau da yawa zaka ga an rubuta Varta da 3.6V da 60mAh. Ƙwayoyi uku ne a ciki kowace bolt 1.2, irin NiCd masu caji, wasu na baya NiMH. Shi ne a yawancin bod ɗin 386 da 486 da wasu 286, da Amiga 500+ da 2000 da 3000 da 4000, har da katin ƙarin memori A501 da ake sawa a ƙarƙashin Amiga 500, wanda batirinsa ke ɓoye cikin gwangwanin ƙarfe mutum bazai gani ba sai ya buɗe. Injinan Acorn na Ingila irinsu A3000 da RiscPC suma sunada nasu mai bolt 1.2 kuma ɓarnarsa iri ɗaya ce.

Na biyu gajere ne mai kauri, rabin tsawon batirin AA, bolt 3.6, lithiyam ne baya caji. Wannan na Apple ne, SE/30 da IIci da Classic da LC da Apple IIGS. Jan nan na Maxell shi yafi ƙaurin suna wajen fashewa.

Na uku baƙin akwati ne mai kama da IC mai tudu, an rubuta Dallas DS1287 ko DS12887, batirin na cikinsa a daskare cikin roba. Shi baya zuba, mutuwa kawai yake, zan zo kansa a ƙasa. Sai na huɗu mai kama da kwabo, CR2032, wanda aka koma amfani dashi a tsakiyar shekarun 1990, shi ba kasafai yake ɓarna ba.

Me yake zubowa ne, kuma mene koren abin nan?

Cikin ɗan gangar nan akwai sinadarin potassium hydroxide, ɗan'uwan sodar nan ce mai cin hannu da ake haɗa sabulu da ita. Idan batirin ya tsufa bakinsa ya saki, sai ya riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan, yawanci ta ƙafar negatif, ba wai ya kwararo ka gani ba. Wanda ya haɗu da iska ya bushe shine farin garin da kake gani kamar gishiri, wanda kuma ya ci jan ƙarfe shi ke komawa kore ko shuɗi shuɗi.

Mugun halinsa shine tafiya. Yana jan danshi daga iska ya sake jiƙewa, ya bi ƙarƙashin koren fentin bod ta saman layin jan ƙarfe, ya hau ƙafafun IC, ya shiga soket, ya shiga cikin waya ma ya bi ta har ɗaya ƙarshen, na taɓa feɗe wayar wuta na tarar da silin ciki ya yi baƙi kusan taƙi guda daga inda batirin yake. Kuma cire batirin kaɗai baya tsayar dashi, wanda ya riga ya fito zai cigaba da ci sai an kashe shi. A wajenmu zafi da danshin damina suna ƙara masa gudu, injin da ya kwana shekaru a shago mai rufin kwano ba ɗaya yake da wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ba.

Wasu sunce ruwan khal, wasu sunce sodar girki. Wanne ne gaskiya?

Duka gaskiya ne, amma kowanne da inda yake aiki, kuma in ka juya su baka yi komai ba sai ɓata lokaci. Duba yadda ake yi a kicin, in miya tayi tsami ana jefa 'yar kanwa ta kashe tsamin. To nan ma haka ne, tsami da kanwa kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Ruwan ɗan ganga ɓangaren kanwa yake, dan haka abu mai tsami zai kashe shi, wato farin ruwan khal na girki mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Haka ma batirin alkalin na AA da ya zuba a mazauninsa.

Na Mac kuwa akasin haka ne. Sinadarin cikinsa thionyl chloride ne, yana haɗuwa da danshi ya koma asid mai ƙarfi, shi yasa in ya fashe zaka tarar da tsatsa ja ko ruwan ƙasa ta cinye har ƙarfen gidan kwamfutar, ƙafafun IC su narke su ɓace gaba ɗaya. Wannan sodar girki ake dama masa da ruwa, baking soda nake nufi ba hodar da ake sawa a kek ba. Kuma kar ka jiƙa shi kansa fasasshen batirin, ka cire shi da safar hannu a waje mai iska ka nisanta shi tukuna.

To ya ake wankin, daki daki?

Kafin komai ɗauki hoto, da yawa, ta sama da ta ƙasa, yadda zaka ga inda kowane jamfa yake, wato 'yar hular dake haɗa ƙusoshi biyu, da inda kowane IC ya fuskanta. Sai ka cire duk abinda ke ciruwa, memori da katuna da IC ɗin dake kan soket, a hankali da siririn sukundireba kana ɗagawa gefe da gefe dan ƙafar da ruwan ya ci bata da ƙarfi. Sa safar hannu da gilashi, abin nan yana ƙona fata kuma in ya fantsama a ido ba wasa bane.

Zuba ruwan khal a wajen da abin ya shafa har da ɗan kewayensa, zaka ga yana kumfa yana ɗan tsuwa, barshi minti kaɗan kana gogawa da tsohon burushin haƙori, in kumfar ta tsaya ƙara sabo ka gani, in bai sake tashi ba to ya mutu. Kar ka jiƙa shi ka tafi kasuwa, ruwan khal ɗin ma yana cin ƙarfe in ya daɗe, na ga bod ɗin da wani ya bari a ciki ya kwana washegari duk ƙafafun sun dushe sun yi fari. Daga nan ɗauraya sosai da ruwa, sosai nace, ƙarƙashin soket da cikin ramin katuna, ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa, sannan ka bi da isopropyl mai kashi 99 dan ya kori ruwan da ya maƙale. Sifirit ɗin kemis na goge ciwo akwai ruwa a ciki wani ma da kala, in shi kaɗai ka samu to ka ƙara lokacin bushewa.

Akwai abinda nake so a kula dashi ƙwarai. Tataccen ruwan nan wajen masu batirin mota aka fi samunsa, kuma mu abu biyu muke kira ruwan batir, da tataccen ruwan da ake ƙarawa da kuma asid ɗin kansa. Ka faɗa wa mai shago ƙarara cewa wanda ba asid kake so, ka karanta jikin robar da idonka, kar a zuba maka daga jarkar da ba rubutu.

Ruwa fa? Ba zai kashe bod ɗin ba?

A'a, matuƙar ba wuta a jiki kuma ya bushe ƙarau kafin a jona. Jingine shi a tsaye gaban fanka kwana biyu, a hunturu ma baya kai haka amma ni dai ina cika kwana biyun. Kar ka shanya a tsakiyar rana, musamman in takardar dake rufe 'yar tagar gilashin BIOS, wato IC ɗin dake ɗauke da umarnin tada inji, ta ɓare wajen wanki, hasken rana yana iya goge abinda ke cikin irin wannan IC ɗin in ya daɗe yana dukansa, rufe tagar da baƙin tef. A hunturu kuma taɓa ƙarfe kafin ka taɓa bod saboda tartsatsin nan da jiki ke tarawa.

Na wanke tas, ta tashi, amma tana cewa keyboard error

Wannan kusan kullum sai na ji shi. A bod ɗin 386 da 486 batirin yana zaune ne dab da babban soket ɗin kibod mai ƙafa biyar, kusa da IC mai ƙafa 40 dake kula da kibod ɗin, to layukan dake tsakaninsu su ke fara mutuwa. Wani lokaci ɗan fiyus ne ko ƙananan koyil dake bayan soket ɗin suka tsinke. A Amiga 500+ abin yana faɗawa wajen IC ɗin da ake cewa Gary da ƙananan dake gefensa, a Amiga 2000 soket ɗin 68000 yake ci, a 4000 kuma wajen agogo da ramukan memori.

Wanki yana tsayar da ci ne kawai, baya mayar da abinda aka cinye. Yanzu sai aikin mita, wato na'urar auna wuta. Duk inda kaga layi ya yi duhu ko fentin ya kumbura, kankare fentin da alƙalamin gilas ko bakin reza a kwance har sai jan ƙarfe mai ƙyalli ya fito, ka cigaba da bi har inda ya koma lafiyayye, dan in ka bar baƙin a ƙarƙashin fenti zai dawo maka bayan wata shida. Sa mita a wajen ƙara ka gwada kowane layi daga ƙafa zuwa ƙafa, ba daga tsakiya zuwa tsakiya ba, kuma ka kalli lambar ma kar ka tsaya a jin ƙarar, layin da ya kusa tsinkewa yana iya yin ƙara amma ya nuna om ashirin ko talatin. Ka fi sa ido akan ƙananan ramukan nan da layi ke bi ya tsallaka ɗaya gefen bod, ruwan yana taruwa a ciki ya cinye bangon ramin ta sama kuma kaga kamar lafiya lau. Masu Amiga sun huta, akwai Amiga PCB Explorer da zaka danna ƙafa ya haska maka duk inda layin ya bi. Masu bod ɗin Taiwan marasa suna kuwa sai haƙuri da gilashin ƙara girma.

Dalmar wajen taƙi narkewa, na ƙure zafin ayan amma shiru

Kar ka ƙara zafi, zaka ɗaga jan ƙarfen ne kawai. Dalmar da ruwan batir ya taɓa tana yin wani ɓawo mai toka toka da baya karɓar zafi. Kankare saman har kaga haske, shafa fulos da yawa, wato man nan dake sa dalma ta kama, ka narka sabuwar dalma mai gubar nan ta 63/37 ko 60/40 a kai ta gauraya da tsohuwar, zuƙe, sake sawa, sake zuƙewa, wani lokaci sai an yi sau uku ko huɗu. Warin da ke tashi ba daɗi kuma ba lafiya, buɗe taga. In IC ɗin mai arha ne da ake samu, irin 74LS ɗin nan, ni bana wahalar ceto shi, datse ƙafafun nake in cire su ɗaya bayan ɗaya in sa sabo, bod ɗin ne ba'a samu.

Ya ake ɗinke layin da ya tsinke?

In ɗan tsinkewa ne, ɗauki sili ɗaya daga cikin waya mai gashi, kwantar dashi kan layin ya haye wajen da ya yanke ka like gefe da gefe. In layin ya tafi da tsawo to ja jamfa da siririyar waya mai lamba 30 ko wayar koyil mai fenti, daga ƙafa zuwa ƙafa ta ƙarƙashin bod, gajeriya gwargwadon iko kuma ta bi kusa da hanyar asali. Ramin da ya mutu a zura sili a ciki a like sama da ƙasa. Bayan ka gwada komai ya yi, rufe duk jan ƙarfen da ka tone da koren fentin da ake busarwa da fitilar UV irin na masu gyaran waya, in babu jan farce marar kala ma yana yi.

Soket kuwa in kaga kore a cikin ramukansa kar ka tsaya lallashi, canza shi. Na sha wanke soket ya yi kyau a ido, inji ya yi sati yana aiki sannan ya fara tsayawa haka kawai, dan ƙarfen cikin ya rasa ƙarfin damƙa.

Me zan sa a madadin batirin? In sayi sabon ɗan ganga?

Ni dai ban yarda ba. Ana sayar da sababbi na NiMH masu shiga wajen daidai, amma ka sake ɗaura abinda zai zuba ne nan da wasu shekaru lokacin da ka manta dashi. Hanyoyi uku nake bi.

Mafi sauƙi kar ka sa komai. Amiga bata damu ba sam. PC zata yi ƙorafin CMOS duk sanda ka kunna, ka shiga saiti ka cika, dan haka rubuta silinda da hed da sekta na hadis ɗin a takarda ka manna cikin murfi, a BIOS ɗin AMI lamba 47 ce inda ake shigar dasu da hannu.

Ta biyu CR2032, amma da sharaɗi. Bod ɗin an yi shi ne ya riƙa cajin ɗan ganga duk sanda yake kunne, CR2032 kuma baya karɓar caji, in aka tura masa wuta zai kumbura ko ya fashe. Dole ka sa dayod, wato ɗan abin dake barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, tsakanin fositif ɗin batir da fositif ɗin bod, gefen da ke da zobe ya kalli bod. 1N4148 yana yi, amma yana cin wajen rabin bolt, kaga daga bolt 3 abinda ya rage ba yawa, shi yasa nafi son irin Schottky kamar BAT85 da cinsa bai kai haka ba. Bayan ka haɗa, cire batirin ka kunna inji ka auna mazaunin da mita, in kaga bolt huɗu ko biyar to dayod ɗin a juye yake. Wasu bod ɗin duk da haka zaka ga saiti yana zama amma agogo yana tsayawa in an kashe, alamar wutar ta musu kaɗan kenan.

Ta uku ita nafi so a PC. Duba kusa da inda batirin yake, yawanci akwai ƙusoshi huɗu a jere an rubuta EXT BATT ko makamancin haka. Galibi na ɗaya fositif na huɗu negatif, wasu kuma da jamfa akan na biyu da na uku da ake cirewa in za'a sa na waje, amma ka tabbatar da mita dan ba duka bod ke bin wannan ba. Jona mazaunin AA guda uku, bolt 4.5, da doguwar waya, ka ajiye shi can ƙasan akwatin cikin leda nesa da bod, in ma ya zuba ya zuba a ledar.

LIR2032 mai caji kuwa kar ka sa, cajinsa yana buƙatar da'ira ta musamman da waɗannan bod ɗin basu da ita.

Mac ɗina fa, zata tashi ba batir?

Yawanci eh, SE/30 da Classic da IIci duk suna tashi, kwanan wata ne zai koma baya. Amma Macintosh II da IIx da IIfx da batirin suke kunnuwa, in babu ko motsi bazasu yi ba. LC 475 da Power Macintosh 6100 kuma zasu yi ƙarar tashi amma sikirin ya zauna baƙi, sai ka kashe ka kunna da sauri hoto ya fito, mutane da yawa sun yar da lafiyayyun injina saboda wannan. Ana samun sabon rabin AA, lambarsa 14250, akwai kuma 'yar mahaɗa da ke karɓar CR2032 a mazaunin. Duk wanda ka sa, rubuta shekarar a jikinsa, kuma in zaka ajiye injin fiye da 'yan watanni zare shi.

Nawa Dallas ne, ance baya zuba, to shikenan?

Ta fannin zuba ka huta. Amma shekara goma aka yi masa alkawari, duba lambobi huɗun dake jikinsa, in kaga 9214 to sati na 14 ne na 1992, kaga ya daɗe da mutuwa, kuma wasu injinan irinsu IBM PS/2 basa wuce kuskuren saiti in ya mutu. Ana gyara shi, a goge robar ta gefe da fayil daidai ƙafa ta 16 da ta 20 har ƙarfe ya bayyana, a yanke haɗin tsohon batirin na ciki, a jona mazaunin CR2032, negatif a 16 fositif a 20, nan ba ruwanka da dayod. In an like shi a bod ne cire shi ka sa soket tukuna. Kar ka yarda da waɗanda ake tallatawa a intanet da sunan sabbi masu arha, da yawa tsofaffi ne aka goge aka sake bugawa.

Ba alamar batir amma ina jin ƙarni kamar na kifi in na sa ayan

Wannan kafasita ne, ƙananan masu kama da gwangwani da aka like a saman bod. SE/30 da IIci da Amiga 600 da 1200 da 4000 duk suna fama dasu. Zaka ga dalmar kewayensu ta dushe ƙura ta manne a wajen kamar an shafa mai, sauti ya ragu ko ya ɗauke. Canza su duka za'a yi a wanke bod, Amiga 600 da 1200 ma basu da batir a babban bod ɗin amma wannan kaɗai ya isa ya kashe su.

Yaushe mutum zai haƙura?

In ruwan ya shiga cikin bod ɗin kansa. Yawancinsu hawa huɗu ne ko fiye, akwai shimfiɗar jan ƙarfe a tsakiya da ido baya gani, in kaga bod ya kumbura ko ya yi fari fari daga ciki, ko mita na nuna layin bolt 5 ya haɗe da ƙasa, wato layin negatif, bayan ka cire duk abinda kake zargi, to abin ya yi nisa. Ko a haka dan Allah kar ka miƙa wa 'yan gwangwan su farfasa dan ɗan zinaren ƙafafu. Cire furosesa da BIOS da memorin kash da IC na musamman irinsu Gary da Paula da Agnus, su ne zasu tada wani injin, kuma masu sha'awa a Turai da Amurka sun sake zana sababbin bod na SE/30 da Amiga 500+ da 2000 da ake kwashe kayan tsohon a mayar a kai.

Laftof ma abin ya shafe su?

Sosai ma. Banda babban batirin, tsofaffin Toshiba da Compaq da ThinkPad na shekarun 1990 suna da ƙananan batiran NiMH a naɗe cikin koriyar leda, a ɓoye ƙarƙashin kibod ko inda ake ɗora hannu, ruwansu yana bin jar waya da baƙa ya gangara har soket ɗin bod. In ka zare ka ga kore a bakin soket ɗin to wanki iri ɗaya ne da na ɗan ganga. Masu kayan kiɗa ma su duba, Korg Polysix na 1981 ɗan ganga ne a cikinsa.

Na gama gyara, ya zan fara kunnawa, kuma ina zan kai mataccen batirin?

Auna layin bolt 5 da na 12 da mita ka tabbatar basu haɗe da ƙasa ba, dan ƙananan kafasitan tantalum masu kama da ɗigon alewa suna fashewa da tartsatsi in sun tsufa. Wayoyin wutar dake shiga bod ɗin PC irin na AT guda biyu ne, P8 da P9, baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya, in ka juya su ka gama da bod ɗin. Fara da furosesa da memori da lasifika kawai ka saurari ƙarar da zai yi, sannan ka ƙara katin sikirin, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata biyu ko uku, musamman in damina ta ratsa, sake buɗewa ka haska wajen da tocila ka duba ko koren ya dawo.

Batirin kuwa akwai cadmium a cikin na NiCd, guba ce mai taɓa ƙoda, kar a jefa a bolar da ake cinna wa wuta kuma kar a bar shi inda yara zasu ɗauka dan kalarsa tana jan ido. Naɗe ƙafafunsa da tef, sa shi a kwalba mai murfi kai kaɗai ka san inda take, na lithiyam a kwalba daban kuma a busasshen waje, har ka samu masu karɓar matattun batira. Burushin da tsumman da kayi aikin dasu ma ɗaure su a leda, kar su koma banɗaki ko kicin.